Daga Zaure zuwa Wayar Salula: Tarihin Jayayya kan Tsaro da Sirri a Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

A ranar 15 ga Mayu 2015, saura mako biyu ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Laifuffukan Intanet ta Nijeriya. Tun daga lokacin ake ta ja-in-ja a kanta. Jami'an tsaro suna cewa ba yadda za a yi a kama ɗan ta'adda ko ɗan damfara a wannan zamani in ba a bi sawun wayarsa ba. Lauyoyi da 'yan jarida kuwa suna cewa ƙofar da aka buɗe domin ɓarawo, ta nan ake shiga a kamo mai sukar gwamnati.

Galibi akan ɗauki wannan jayayya a matsayin baƙuwa, wadda ta zo tare da kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a ƙasar Kano jayayyar ta girmi intanet da ɗaruruwan shekaru, kuma magabata sun tanadar mata ƙa'idojin da har yanzu za a iya auna dokokin zamani da su. Za a riƙa waiwayar ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, domin a ga yadda abin da aka zartar a birni yake isa ga talakan karkara.

2.0 Kalmomin da Hausa ta Tanada

Hausa ta ari kalmomi biyu daga tushe guda na Larabci, watau "sirri" da "asiri", sa'an nan ta raba musu aiki. Sirri shi ne maganar da mutum ya keɓe tsakaninsa da wanda ya amince da shi. Asiri kuwa ya fi faɗi, domin ya haɗa da halin da mutum yake ciki wanda ba ya son a gani, kamar talauci ko ciwo ko wani abin kunya. Daga nan aka sami "rufin asiri", wanda Bahaushe yake roƙo a addu'arsa ta kullum, yana nufin abin da zai ishe shi ba tare da ya kai kukansa ga kowa ba. Kishiyarsa shi ne "tonon asiri". Aikin da hukuma take yi na neman labarin abokan gaba kuwa sunansa "leƙen asiri".

Abin lura a nan shi ne kalmar "leƙe". Mai leƙe yana gani ne ta kan katanga ko ta kafar ƙofa, ba da sanin masu gida ba. Ke nan tun daga sunan da harshe ya ba wannan aiki, an riga an nuna cewa ba ta ƙofa yake bi ba, ko da kuwa akwai larurar da ta sa a yi shi. Tsarin gidan Bahaushe ma ya bi wannan tunani. Zaure wuri ne na jama'a, inda ake karɓar baƙo, a yi ciniki, a yi karatu, a sasanta rigima. Daga zaure zuwa ciki kuwa, namiji baligi ba ya wucewa sai da izini, abin da ake kira "ba shiga". Sallama ita ce mabuɗi, kuma ko dogarin sarki a bakin zaure yake tsayawa ya yi ta.

3.0 Kafin Zuwan Turawa

Mulki ba ya yiwuwa sai da labari. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammad bn Abdulkarim al-Maghili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin nasihar da ake danganta rubuta shi da wannan ziyara, Taj al-Din fi ma Yajib ala al-Muluk, babi takwas gare shi. Ɗaya daga ciki yana magana a kan wajabcin yin hattara a gida da wurin tafiya, wani kuma a kan wajabcin bincika al'amura. A ganin Maghili, sarkin da bai san abin da ke gudana a ƙasarsa ba ya saki amanar da aka ɗora masa. Sai dai mafi yawan binciken da yake nufi yana fuskantar abokan gaba ne da kuma ma'aikatan sarki, domin a san wanda yake zaluntar talakawa.

A aikace, labari yana hawa ne ta matakala. Baƙon da ya sauka a gari, mai masaukinsa ne zai kai shi wurin mai unguwa, shi kuma ya sanar da dagaci. Yawancin masu sarautar da ke riƙe da garuruwa suna zaune ne a birnin Kano, jakadunsu ne suke kai da kawowa, suna karɓo haraji suna kuma kawo rahoto. Gaya tana cikin tsofaffin garuruwa masu sarkinsu na gado a zaune, kamar Rano da Dutse da Ƙaraye, kuma da yake tana gabas da birni ta fuskar Barno, labarin ayari da na mahara yana da muhimmanci a can. Duk da haka, abin da wannan tsari yake tattarawa shi ne abin da ya bayyana: wa ya shigo, wa ya fita, me ya faru a kasuwa. Iyakarsa zaure.

Malaman fiƙihu ne suka ja wannan iyaka. Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, Suratun Nuri kuma ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Akwai sananniyar ruwaya cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya haura katangar wani gida ya tarar da mai gidan yana saɓo, sai mutumin ya nuna masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, Halifa kuwa ya yi uku: ya yi leƙe, bai bi ta ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba. Umar ya janye. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya tsara ƙa'idar a cikin al-Ahkam al-Sultaniyya. Mai hisba ba shi da ikon bin diddigin abin da aka ɓoye, sai fa in wani amintacce ya kawo masa labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, alal misali an keɓe da wani mutum za a kashe shi. Sharuɗɗa biyu ke nan: ingantaccen labari tun kafin a taɓa sirrin mutum, da kuma haɗarin da ba ya jira. Ba a ce kowane sarki ya kiyaye wannan ba, amma ma'aunin yana nan, kuma malamai sun san shi.

4.0 Zamanin Turawa: Lokacin da aka Fara Buɗe Wasiƙa

Turawa sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Daga cikin abin da suka kwasa har da wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927. Tun daga farko, wasiƙar Larabci ta zama abin da sabuwar hukuma take farauta, domin Turawan kaɗan ne, ba su jin abin da ake faɗa a zaure, amma suna iya kama abin da aka rubuta. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka rage ƙarfin jakadu. Matakalar labari ta dā ba ta rushe ba, sai dai yanzu ƙarshenta ofishin Razdan ne.

Tawayen Satiru na 1906 ya dasa wa Turawa tsoron Mahadiyya, kuma wannan tsoro ya haifar da sa ido a kan alhazai da malamai masu yawo da duk wata takarda da ta fito daga gabas. Misali mafi bayyana shi ne na Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa jama'arsa a Dumbulwa cikin ƙasar Fika. An zarge shi da musayar wasiƙu da Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadin Sudan, da shirya tawaye. Aka kama shi a 1923, aka kai shi Buea a Kamaru, daga baya aka mai da shi Kano, ba a sake shi ba sai 1959. A tsakiyar shekarun 1920 har an tura jami'i G. J. Lethem zuwa Sudan da Jidda da Alƙahira domin ya bi sawun mutanen Nijeriya da ke can.

Abin da ya canja a nan shi ne dalilin bincike. A ma'aunin Mawardi, ana taɓa sirri ne saboda wata ɓarna ayyananna da ke gab da aukuwa. A ma'aunin mulkin mallaka, zato ya isa, kuma abin da ake karewa shi ne mulkin kansa. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wannan tsari ne ya juyo kanta. 'Yan doka da dagatai da masu unguwanni su ne idon En'e, kuma a ƙauye, inda kowa ya san kowa, ba wuya a san gidan da aka yi taron 'yan Sawaba.

5.0 Mulkin Kai da Mulkin Soja

Hukumar Willink ta 1958, wadda ta binciki koken ƙananan ƙabilu, ita ta ba da shawarar a sa haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. Ta haka kariyar gida da iyali da wasiƙu ta shiga tsarin mulkin 1960. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1979 ya ambaci har da hirar tarho da saƙon tangaraho, kuma wannan ne ya zama sashe na 37 a tsarin mulkin 1999. Amma sashe na 45 ya ba da dama a taƙaita wannan haƙƙi da doka saboda tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko tarbiyya ko lafiyar jama'a, muddin dokar tana da hujja a ƙasa mai bin dimokuraɗiyya. Dukkan jayayyar yau tana zaune ne tsakanin waɗannan sassa biyu.

A ƙarƙashin soja, sashe irin na 45 ne kaɗai ya yi aiki. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kafa hukumar leƙen asiri ta NSO. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta fito da Doka ta 2, mai ba da ikon tsare mutum ba shari'a, da Doka ta 4, wadda ta haramta buga abin da zai zubar da mutuncin jami'in gwamnati. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rusa NSO ta raba ta gida uku, watau SSS da NIA da DIA. Sai dai a duk tsawon wannan zamani tarho na 'yan ƙalilan ne a birane. Manomin Toranke ko Balare ba shi da layin da za a saurara. Saƙonsa yana tafiya ne a bakin matafiyi, ko a wasiƙar ajami, ko a kaset ɗin da ɗan ci-rani yake aikowa gida.

6.0 Wayar Salula da Dokar 2015

Wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001, kuma cikin shekaru kaɗan ta isa ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken tarho ba. A 2011 aka fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. Sa'an nan tashin hankali ya zo. Hare-haren da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairu 2012 sun halaka mutum aƙalla 185. A watan Satumba na shekarar ƙungiyar ta ƙone turakun sadarwa a jihohin Arewa da dama, har da Kano, bisa zargin kamfanoni suna taimaka wa jami'an tsaro gano mayaƙanta. A Mayu 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan waya a can. A shekarar ce jaridar Premium Times ta ba da labarin kwangilar dala miliyan 40 da aka ba kamfanin Elbit na Isra'ila domin sa ido a kan intanet, kuma a shekarar ce Edward Snowden ya fallasa irin tattara bayanan da Amurka take yi. A Oktoba 2015 hukumar NCC ta ci kamfanin MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka fiye da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, kafin a rage ta zuwa naira biliyan 330.

A cikin wannan yanayi aka haifi dokar 2015. Sassa uku ne suka fi jawo magana. Sashe na 38 ya wajabta wa kamfanoni su adana bayanan masu layi da na zirga-zirgar saƙonninsu har shekara biyu, su kuma miƙa su in jami'an tsaro sun nema. Sashe na 39 ya ce sauraron abin da saƙo ya ƙunsa sai da umarnin alƙali. Sashe na 24 kuwa ya sa ɗaurin da zai kai shekara uku, ko tarar da za ta kai naira miliyan 7, a kan aika saƙon ɓatanci ko na ƙarya domin a ɓata wa wani rai ko a ci masa mutunci. Ƙa'idojin sauraron waya na 2019 sun ƙara da cewa a halin gaggawa ana iya fara sauraro, a nemi takardar alƙali cikin awa 48.

In aka auna da ma'aunin magabata, sashe na 39 yana kusa da sallama, domin akwai wanda ake neman izininsa kafin a shiga. Sashe na 38 ba shi da wannan sharaɗi, ga shi kuwa sanin wanda mutum ya kira, da lokacin, da inda yake tsaye, ya isa a zana rayuwarsa kaf. Sashe na 24 shi ne ya fi kama da Doka ta 4 ta 1984, domin ɓacin rai ba shi da sikeli, kuma mai iko ne ya fi kowa saurin kai ƙara. An gurfanar da 'yan jarida da dama a ƙarƙashinsa. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yuli 2020, ta sake yankewa a Maris 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, ta umarci Nijeriya ta gyara shi. Gyaran ya zo a Fabrairu 2024 da sa hannun Shugaba Bola Tinubu, inda aka taƙaita laifin ga saƙon batsa da kuma ƙaryar da aka aika da nufin ta da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Ƙungiyoyin 'yan jarida suna ganin har yanzu kalmar hargitsi tana da faɗin da za a iya fakewa da ita. A Jamhuriyar Nijar an yi tafiyar ne a juye: dokar 2019 ta sa ɗauri a kan ɓatanci ta intanet, aka cire shi a 2022 zamanin Shugaba Mohamed Bazoum, gwamnatin soja ta mai do da shi a Yuni 2024.

7.0 Abin da ya Iso Karkara

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 170,000 a ƙaramar hukumar Ajingi, akasarinsu manoma da makiyaya. Dokar tsaron intanet ta iso musu ne ta fuskar rajista. A Disamba 2020 Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami ya ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a ranar 4 ga Afrilu 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira. Wanda ya fi jin jiki shi ne wanda cibiyar rajista ta yi wa nisa, ko wanda aka rubuta sunansa iri biyu a takardu biyu. A Satumba 2021 kuma aka katse waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Matakin bai shafi Kano ba, amma ya nuna farashin irin wannan magani, domin wayar da ɗan bindiga yake neman kuɗin fansa da ita, irinta ce mai ƙauye yake kiran agaji da ita.

Alkawarin da aka yi shi ne, in kowa ya ba da bayanansa za a gano mai laifi. A Janairu 2024, ana tsakiyar sace-sacen mutane a Abuja, Pantami da kansa ya koka cewa hukumomin tsaro ba su amfani da bayanan yadda ya kamata. A shekarar ce kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafuka suna sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba, ko da yake hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. A ɗaya ɓangaren, a Nuwamba 2022 jami'an tsaro sun bi sawun wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, maƙwabciyar ƙasar Gaya, saboda rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Aka kai shi Abuja aka tuhume shi da ɓata suna, sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Wanda ya haɗa waɗannan labarai yana da hujjar tambaya: me ya sa na'urar da ta gano ɗalibi a Dutse take jinkiri wajen gano mai garkuwa da mutane?

Akwai kuma wata fuska da dokokin ba su hango sosai ba. Doka tana ɗauka cewa kowane layi na mutum ɗaya ne, shi kaɗai ya san lambar sirrinsa. A karkara kuwa waya guda tana iya yi wa gida duka aiki, wanda bai yi boko ba yana miƙa ta a karanta masa saƙo, tsoho yana faɗa wa mai POS lambarsa, kamar yadda kakansa yake kai wasiƙa wurin malam. Sirri a nan amana ce da ake damƙa wa sananne. Bambancin shi ne malam yana cikin gari, in ya tona asiri za a san shi a kuma guje shi, alhali mai riƙe da rumbun bayanai ba a san fuskarsa ba. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da kafa hukumar da za a kai wa ƙara, sai dai ta sassauta da yawa daga cikin sharuɗɗanta ga ayyukan tsaron ƙasa da binciken laifi.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa ba a taɓa musun haƙƙin hukuma na neman labari ba, tun daga Maghili har zuwa yau, kuma wanda ya ga Kano a Janairu 2012 ba zai musa ba. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne iyaka da kuma wanda yake tsaron iyakar. A dā katanga da zaure da fatawar malamai ne suke tsare ta. Turawa suka tsallake ta da hujjar zato, soja suka share ta da doka. Yanzu abin da ke bayan zaure ya koma cikin waya, kuma wayar tana hannun kamfani.

Sharuɗɗan Mawardi guda biyu suna nan da amfaninsu: a sami ingantaccen dalili a kan mutum ayyananne kafin a taɓa sirrinsa, kuma ya zama haɗarin na rai ne ko makamancinsa, ba ɓacin ran mai mulki ba. Zamani ya ƙara na uku, watau a sami alƙali mai zaman kansa da zai ba da izini, da majalisar da za ta riƙa tambayar sau nawa aka saurari wayoyin mutane da abin da aka samu. Aikin da ya rage wa masana harshe da malamai shi ne su fassara waɗannan dokoki zuwa Hausar da za a karanta a rediyo a kuma koyar a makaranta, domin mutumin Ajingi da ya ba da zanen yatsansa ya san wanda yake riƙe da shi, da ƙofar da zai buga in an ci amanarsa.